Kwalekwalen Dufuna: Tarihinsa da Yadda Aka Ceto Shi Daga Lalacewa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a Fakuwa, ko Kankiya, ko Kusada, ba lallai ne ya taɓa shiga jirgin ruwa ba. Iyakar saninsa da kwalekwale watakila shi ne wanda ya hanga a madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsinma, ko kuma hotunan bikin kamun kifi na Argungu. Saboda haka, duk malamin da zai tsaya a gaban irin wannan ɗalibi ya ce masa jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa ganowa a nahiyar Afirka a Arewacin Nijeriya aka tono shi, kuma a wurin da sai an haƙa rijiya ake shayar da dabbobi, to ya zama wajibi ya shirya wa tambayoyi. Ta yaya aka san shekarunsa? Me ya hana gara cinye shi? Me ya sa aka yi shekara goma sha ɗaya kafin a ɗauke shi daga ramin da aka same shi? A wannan babi za a yi ƙoƙarin amsa waɗannan tambayoyi ta hanyar bin tarihin kwalekwalen Dufuna, tun daga ranar da aka ci karo da shi har zuwa aikin adana shi. Za a kuma duba bambancin da ke tsakanin gyaran jirgin da ake hawa da adana jirgin tarihi, domin akan haɗa su a baki ɗaya alhali kuwa kowane da manufarsa.

2.0 Yadda Aka Gano Shi

Dufuna ƙauye ne a ƙaramar hukumar Fune, tsakanin Potiskum da Gashuwa, kusa da kogin Komadugu Gana. A yau yana cikin Jihar Yobe, amma a lokacin da abin ya faru yankin yana ƙarƙashin tsohuwar Jihar Borno ne, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Yobe. A watan Mayu na shekarar 1987, wato 'yan watanni kafin a yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya don shayar da shanunsa. Da ya yi zurfin da ya kusa mita biyar sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Da ya duba sai ya ga itace ne, kuma da alamar hannun mutum a jikinsa. Bai fasa shi ya ci gaba da haƙa ba. Ya kai labari ga shugaban ƙauyen, daga nan magana ta hau sama har ta isa ga gwamnatin jiha da Jami'ar Maiduguri.

Ya kamata a tsaya a nan kaɗan. Duk abin da za a faɗa a sauran wannan babi ya rataya ne a kan shawarar da mutum ɗaya ya yanke a cikin rami. Da ya sa gatari ya datse itacen don ya kai ga ruwa, da babu wanda zai zarge shi, kuma da babu wanda zai san abin da aka rasa.

A shekarun 1989 da 1990 masana daga Jami'ar Maiduguri, ƙarƙashin jagorancin Abubakar Garba, suka yi binciken farko don tabbatar da cewa lallai kwalekwale ne, suka kuma ɗebi ɗan guntun itacen domin awo. Daga baya aka yi haɗin guiwa da Jami'ar Frankfurt ta ƙasar Jamus, inda Farfesa Peter Breunig ya shigo cikin aikin. Sai a 1994 aka yi cikakken tono. Leburori hamsin suka yi mako biyu suna kwashe ƙasa kafin jirgin ya bayyana gaba ɗayansa. Tsawonsa mita 8.4 ne, faɗinsa kimanin rabin mita, kaurin jikinsa kuwa kimanin santimita biyar. An same shi jiƙe sharkaf, kwance a kan rairayi, da shimfiɗun laka jere a bisansa har zuwa doron ƙasa. Binciken itacen ya nuna cewa daga dangin madaci yake, kuma gungume ɗaya ne aka rarake.

3.0 Awon Shekarunsa

Babu rubutu a jikin jirgin, babu kuma wani tarihin baka da ya kai zamaninsa. Hanyar da aka bi ita ce awon sinadarin kabon-14, wadda wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Willard Libby ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 1960.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Duk tsiro mai rai yana shaƙar iskar kabon, kuma a cikinta akwai wani ɗan ƙanƙanin kaso na nau'in da ake kira kabon-14. Muddin bishiya tana raye, gwargwadon wannan nau'i a sabon itacen da take yi daidai yake da na iskar da ke kewaye da ita. Da zarar an sare ta, shigowar sabo ta tsaya, wanda ke ciki kuma ya fara raguwa a kan wani ƙa'idajjen lissafi da zafi ko sanyi ko damina ba sa canzawa: a duk shekara 5,730 rabinsa ke tafiya. Ke nan idan aka auna abin da ya rage a cikin guntun itace, ana iya lissafa tsawon lokacin da ya wuce. A itacen Dufuna abin da ya rage bai wuce kimanin kashi 40 cikin 100 ba.

An aika da guntayen zuwa ɗakunan bincike biyu daban-daban a Jamus. Ɗaya ya ba da shekara 7,264, ɗayan kuma 7,670. Kada wannan saɓani ya rikita ɗalibi. Na farko, gungume babba ba a shekara ɗaya ya girma ba, don haka tsakiyarsa ta girmi bayansa. Na biyu, kowane awo yana zuwa da ɗan rarar da aka yarda da ita, ta sama ko ta ƙasa. Abin lura shi ne shaidu biyu da ba su haɗa baki ba sun nuna zamani guda. Bayan haka, waɗannan alƙaluma ba su ne shekarun kalanda kai tsaye ba, domin yawan kabon-14 a sararin sama ya riƙa hawa da sauka a tsawon zamani. Masana kan daidaita su da lissafin zoben da ke cikin tsofaffin bishiyoyi, waɗanda akan ƙirga shekara bayan shekara. Da aka yi wannan daidaitawa sai shekarun jirgin suka kama kimanin 8,000, wato wajen shekara 6,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wannan ya sa shi ne mafi tsufa a Afirka, kuma yana cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Wanda ya girme shi a fili shi ne kwalekwalen Pesse da aka gano a ƙasar Holan a 1955, mai kimanin shekara 10,000, sai dai tsawonsa bai wuce mita uku ba.

4.0 Abin da Jirgin Ke Faɗa Game da Masu Shi

A zamanin da aka sassaƙa wannan jirgi babu ƙarfe a wannan yanki. Shaidar narka tama da aka samu a Taruga, cikin yankin al'adun Nok, ta zo ne bayan fiye da shekara dubu biyar. Ashe ke nan da gatarin dutse aka yi aikin. Wanda ya taɓa zama kusa da masassaƙi yana rarake turmi da gizago na ƙarfe, ya ga gumin da ake sha a kan itacen da bai kai ƙugu ba, shi zai fahimci abin da ake nufi da rarake gungumen madaci mai tsawon mita takwas da dutse, a kuma sirance jikinsa har ya dawo santimita biyar ba tare da an huda shi ba. Gabansa da bayansa duk an feƙe su da kyau yadda zai tsaga ruwa. Wannan ne ya sa Breunig ya yi hasashen cewa jirgin ba gwajin farko ba ne, sana'a ce da ta riga ta daɗe ana gadonta. Ana iya ƙarawa da cewa irin wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Sare bishiyar, jawo ta, da ciyar da masu sassaƙar na tsawon lokaci duk suna nuna al'umma mai tsari.

Sai kuma batun ruwa. Ba a wahalar yin jirgi mai wannan tsawo domin kududdufi. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina a wannan sashe na Afirka ta fi ta yanzu ƙarfi nesa ba kusa ba. Hamadar Sahara a lokacin ciyayi ne da tafkuna. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, an tono ƙasusuwan kada da dorina da manyan kifaye tare da māsun kamun kifi na ƙashi, a wurin da yau babu komai sai rairayi. Tafkin Chadi kuwa ya kai faɗin kimanin murabba'in kilomita 350,000, alhali a farkon shekarun 1960 bai wuce 25,000 ba. Tsohuwar gaɓarsa tana nan har yau, ita ce tudun rairayin da ya bi ta Bama da Maiduguri. Komadugu Gana yana cikin kogunan da ke kwarara zuwa wannan babban tafki, kuma a bakinsa ne masu jirgin Dufuna suka yi zamaninsu.

5.0 Dalilin Rashin Ruɓewarsa da Haɗarin Fito da Shi

Kowa ya san abin da ke faruwa ga azara ko ƙyauren da aka bari a ƙasa damina biyu. Gara da fumfuna da sauran ƙananan halittu su ne masu cin itace, kuma mafi yawansu ba sa rayuwa sai da iskar oksijin. Jirgin Dufuna ya tsira ne saboda laka ta rufe shi ruf, ruwa ya cika duk wata kafa da ke jikinsa, iska ba ta samu hanyar shiga ba. Abin mamaki a nan shi ne ruwan da muke ɗauka a matsayin maƙiyin katako shi ne ya yi gadinsa shekara dubu takwas.

Amma gadin bai zo kyauta ba. Idan aka duba itace da madubin ƙara girma za a ga yana kama da saƙar zuma, ɗakuna ne ƙanana birjik, kowane da bangonsa. A tsawon zamanin da itace ya yi a cikin ruwa, sinadarin da ke ba wannan bango ƙwari yakan zagwanye a hankali, ruwa ya maye gurbinsa. A ido itacen yana nan da siffarsa, har ana iya ganin sawun sassaƙa, amma a haƙiƙa ruwan da ke ciki ne ke tallafe da shi. Ranar da aka fito da shi rana ta buge shi, ruwan zai fita, bangayen su rufta, itacen ya tsuke, ya murɗe, ya tsattsage. Abin da ya jure dubban shekaru yana iya lalacewa cikin 'yan makonni, kuma babu wata dabara da za ta mayar da shi yadda yake. A yanayi irin na Yobe, inda iskar hunturu ke busar da wanki kafin a gama shanya, haɗarin ya ninka.

Wannan ne ya sa ba a yi gaggawar ɗauke jirgin ba. Sai a 1998 aka ciro shi daga ramin aka kai shi Damaturu, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, inda aka shiga aikin jiƙa shi da ruwan magani. Wanda bai san sirrin ba zai ɗauki dukan jinkirin a matsayin sakaci. Gaskiyar magana ita ce, muddin ba a tanadi wurin da za a karɓe shi ba, cikin laka ya fi masa ko'ina aminci.

Hanyar da aka fi bi a duniya wajen ceto irin wannan itace ita ce amfani da wani sinadari mai kama da kakin zuma da ake kira folitilin gilaikol, ko PEG a taƙaice. Bambancinsa da kakin zuma shi ne yana narkewa a ruwa. Akan tsoma itacen a cikin tanki, ko a riƙa fesa masa, a fara da ruwan magani tsararo, sa'annan a riƙa ƙara masa kauri sannu a hankali. Da haka sinadarin ke ratsa ɗakunan nan ya zauna inda ruwa yake. Idan an gama sai a busar da itacen a hankali cikin ɗakin da aka kayyade zafinsa da raɓarsa. Ruwa ya tafi, kakin ya daskare ya riƙe bangayen. Idan aka yi garaje aka fara da mai kauri, sai ya tsotse ruwan da ke ciki kafin shi kansa ya samu shiga, a jawo ɓarnar da ake gudu.

Aikin yana cin lokaci ƙwarai. Jirgin yaƙin ƙasar Suwidin mai suna Vasa, wanda ya nutse a 1628 a tafiyarsa ta farko, an ciro shi a 1961, aka yi shekara goma sha bakwai ana fesa masa wannan sinadari, gidan tarihinsa na dindindin kuma sai a 1990 aka buɗe shi. Mary Rose na Ingila ya nutse a 1545, an ciro shi a 1982, ba a daina yi masa feshi ba sai a 2013. Ko bayan an gama ma ba a huta ba. A shekarar 2000 aka lura da wani gishiri mai tsami yana fitowa a jikin Vasa, sakamakon ƙibiritu da tsatsar ƙarfe da suka shige itacen tun yana ƙarƙashin ruwa. Ke nan jirgin da aka ceto yana buƙatar ɗaki mai tsayayyen yanayi, da wutar lantarki, da ma'aikata masu horo, da kuɗin da ba ya yankewa. A nan ne ƙasashe masu tasowa suka fi shan wahala, domin samun kuɗin tono ya fi sauƙi a kan samun na kulawar yau da gobe, wadda babu wani biki ko yankan kyalle a cikinta.

6.0 Gyara da Adanawa

A Yawuri da sauran garuruwan bakin kogin Neja da tafkin Kainji, manyan jiragen da ke fito da mutane da kaya yawanci na katako ne da aka harhaɗa, aka ɗaura musu inji a baya. Ƙarancin manyan bishiyoyi yana cikin dalilan da suka sa jirgin gungume ɗaya ya ja baya. Idan irin wannan jirgi ya tsufa, mai gyara yakan cire katakon da ya ruɓe ya sa sabo, ya toshe kafofi da tsumma da kwalta, ya sake ƙusoshi, makaniki kuma ya duba inji. Manufarsa ita ce jirgi ya koma ruwa lafiya, kuma duk katakon da aka ji tausayinsa aka bari yana iya zama sanadin rasa rayuka.

Mai adana kayan tarihi kuwa akasin haka yake yi. A wurinsa kowane ɓalli shaida ne. Ba ya goge sawun gatarin dutse don jiki ya yi sumul, ba ya shafa fenti, ba ya cike gurbi da sabon itace ta yadda mai kallo zai kasa bambancewa. Yakan rubuta duk abin da ya yi, ya kuma fifita maganin da na bayansa za su iya cirewa idan an samu wanda ya fi shi. Idan ana son sanin yadda jirgin ke tafiya a ruwa, sai a sassaƙa kwatankwacinsa a gwada, kamar yadda aka yi wa na Pesse a 2001 don kawar da shakkar masu cewa kwamin abincin dabbobi ne.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wata tsohuwar tambaya da Girkawa suka yi a kan jirgin wani gwarzonsu mai suna Tisiyas, wanda aka yi ta sauya katakonsa ɗaya bayan ɗaya har babu na asali ko guda: shin har yanzu shi ne? Bahaushe ma yana da irinta a gida. Gatarin da aka gada daga kaka, an sake masa ƙota sau uku, an sake ruwansa sau biyu, har yanzu gatarin kaka ne? Ga mai faskare amsar ita ce e. Ga mai binciken tarihi kuwa a'a.

Akwai kuma yanayi na uku. Jirgin Fir'auna Kufu, wanda aka gano a 1954 a wani rami kusa da babbar dala ta Giza a Masar, bushewa ce ta kiyaye shi. An same shi a wargaje, guntaye 1,224, kuma wani gwanin gyara Bamisire mai suna Ahmed Yusuf ya yi fiye da shekara goma kafin ya harhaɗa shi ya koma jirgi mai tsawon mita 43. Duk da girmansa da shahararsa, kwalekwalen Dufuna ya girme shi da kimanin shekara 3,500.

7.0 Malami da Wannan Darasi

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi a 1979 ta wajabta kai rahoton duk wani kayan tarihi da aka ci karo da shi, ta kuma hana sayar da shi ko fitar da shi daga ƙasa ba da izini ba. A karkara, malamin makaranta yana cikin mutanen farko da akan nemi shawararsu idan an tono wani baƙon abu wajen haƙar rijiya, ko ginin tubali, ko noma. Ƙasar Katsina kuwa ba baƙuwar irin wannan ba ce. Kusheyin Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, waɗanda aka fara tonawa tun 1907, sun isa misali. Abin da malami zai faɗa bai da yawa: a dakatar da haƙa, kada a ciro, kada a wanke ko a kankare, idan itace ne ko fata mai danshi a mayar da jiƙaƙƙiyar ƙasa a rufe, sa'annan a sanar da mai gari da gidan tarihi na Katsina.

A cikin aji kuwa, gani ya kori ji. Ana iya fita da ɗalibai filin makaranta a auna mita 8.4 da igiya, a zana siffar jirgin a ƙasa da faɗin rabin mita, su shiga su zauna a jere su ga mutum nawa zai ɗauka. Don bayyana awon kabon, a tara tsakuwa 64, a kwashe rabi a ce shekara 5,730 ta wuce, a sake kwashe rabin abin da ya rage a ce 11,460, sa'annan a tambaye su inda itacen da ya rage da tsakuwa 25 zai faɗa. Don nuna illar bushewar gaggawa, a yanka kabewa gida biyu, a shanya ɗaya a rana, a rufe ɗayan da jiƙaƙƙen yumɓu, a dawo bayan kwana uku a kwatanta. Ta fuskar harshe kuma, a tura kowane ɗalibi wurin masassaƙin garinsu ya rubuto sunayen kayan aikinsa, da itatuwan da yake zaɓa don turmi da akushi da kujera, da dalilin da ya sa yake ajiye ɗanyen turmi a inuwa maimakon rana.